Babi na Bakwai: Doki a Bayan Mota

A watan Satumba na shekarar 1836, masu cacar sukuwa a Doncaster da ke arewacin Ingila sun riga sun cire rai da ganin wani doki mai suna Elis a gasar St Leger. Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce. Ana saura 'yan kwanaki a yi sukuwar, dokin yana nan ɗaure a Goodwood, can kudancin ƙasar, nisan da ya haura mil 200. A wancan zamani da ƙafarsa doki yake zuwa duk inda za a yi tsere, ɗan barga na janye da shi, kuma tafiya irin wannan takan ci kusan mako biyu. Abin da ba su sani ba shi ne Lord George Bentinck, wanda ke da hannu a dokin, ya sa wani maƙerin kekunan doki a Landan ya ƙera masa babban akwati mai taya. Aka shigar da Elis da wani doki abokin tafiyarsa, aka ɗaura wa akwatin dawakan ja da ake sauyawa zango-zango. Cikin kwana uku suka iso. Elis ya sauko da ƙarfinsa, ya lashe gasar, Bentinck kuma ya kwashi dubban fam daga hannun waɗanda suka yi zaton dokin ba zai zo ba.

Daga nan masu dawaki suka gane cewa dokin da aka ɗauko ya fi wanda ya tako kuzari ranar gasa. Jirgin ƙasa ya karɓi aikin, daga baya mota ta karɓe daga hannunsa. A yau, duk safiyar Asabar da Lahadi hanyoyin ƙauyukan Birtaniya cike suke da ƙananan tireloli masu taya huɗu, kowace da doki ɗaya ko biyu a ciki, mota na jan ta zuwa gasar tsalle, ko asibitin dabbobi, ko kilisa a bakin teku. Da yawa daga masu su ba attajirai ba ne. Malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da manoma, mutanen da harawa da gyaran kofato da allurai suka riga suka cinye musu rarar albashi. In takardar sabunta inshora ta iso, idonsu kan fara sauka ne a kan wadda ta fi sauƙi.

Neman sauƙi ba laifi ba ne, kuma ana samun sa. Inda ake faɗuwa shi ne auna arahar da kuɗin da aka biya kaɗai, alhali ba a san abin da takardar ta ɗauka da abin da ta bari ba.

Abu huɗu a kan titi ɗaya

Duk wanda ya ɗaura tirelar doki a bayan motarsa ya hau titi, abu huɗu yake tafe da su, kowanne da irin asarar da zai iya jawowa. Akwai motar da ke ja. Akwai ita tirelar. Akwai dokin da ke ciki da sirdinsa da linzaminsa. Na huɗu su ne sauran mutanen da ke kan hanya, da motocinsu da shingayensu, waɗanda ba ruwansu da tafiyar amma tsautsayi zai iya rutsawa da su.

A cikin huɗun nan, na ƙarshen kaɗai doka ta tilasta. Tun dokar hanya ta 1930 Birtaniya ta wajabta wa kowane direba inshorar da za ta biya diyyar wanda ya ji wa rauni, kuma dokar 1988 da ke aiki yanzu a kan haka ta ɗora. Galibin inshorar mota takan haɗa da tirela muddin tana ɗaure da motar: in ta yi wutsiya ta goge motar wani, kamfanin da ya yi wa motar inshora ne zai biya. A nan mutane da yawa suke ajiye karatu, su ɗauka sun gama. Alhali alhakin kamfanin ya tsaya ne ga ɓarnar da tirelar ta yi wa wani. In ita kanta ta kife ta lotse, ko ta ƙone, ko aka sace ta a filin gasa, yawancin inshorar mota ba ta san da ita ba, ko da cikakkiya ce. Dokin da ke ciki ma haka. Sannan da zarar an kwance tirelar daga ƙugiya an ajiye ta, ta gangara ta bugi mutum, ba kowane kamfanin mota ne zai yarda abin ya shafe shi ba.

Inshorar doki kuwa hanyarta daban. Ita ce ke biyan kuɗin likita, da darajar dokin in ya mutu ko aka sace shi. Doguwar tafiya tana da nata cututtukan. Dokin da aka ɗaure kansa sama na sa'o'i masu yawa ba ya iya sunkuyawa ya fitar da majina da ƙurar harawa, daga nan zazzaɓi da ciwon huhu su kama shi kwana ɗaya ko biyu bayan saukarsa. Maganin irin wannan yana da tsada, kuma inshorar tirela ba ta biyan ko kwabo a kai.

Saura abu ɗaya da ba a tuna shi sai an tsaya a gefen babbar hanya da daddare, injin ya mutu, dawaki biyu na haure-haure a baya. Kamfanonin agajin mota na yau da kullum da yawa za su ja motar, amma ba sa taɓa tirelar da ke da dabba a ciki. Shi ya sa ake da masu agaji na musamman da ke turo wata motar dawaki ta kwashe su, su nemo likita, su samar da bargar kwana in ta kama. Wannan ma kuɗinsa daban.

Abin da ɓarawo ke gani

Babbar barazanar tirelar doki a Birtaniya sata ce, kuma dalilin a fili yake. Ƙaramar tirela ba ta da lambar rajista ta kanta a cikin ƙasar. Lambar motar da ke jan ta ake maƙala mata a baya. Ɓarawo mai mota da ƙugiya, mintuna kaɗan sun ishe shi ya ɗaura ya wuce, ya sauya lamba a hanya. Kasuwar tsofaffin tireloli kuma ba ta mutuwa. Waɗanda kamfanin Ifor Williams ke ƙerawa, wanda aka kafa a 1958 a arewacin Wales, sun yi suna wajen ƙarko da riƙe daraja, har mai ita kan sayar da ita bayan shekaru ba tare da faɗuwa mai yawa ba. Abin da ya sa masu dawaki ke son ta, shi ya sa ɓarayi ma ke nemanta.

Kamfanonin inshora sun san haka, don haka suke gindaya sharaɗi. Kusan kowace takarda takan ce duk lokacin da aka bar tirela ba kowa a wurin, dole ne a sa mata makullin ƙugiya, ko marin ƙarfe da ke kame taya, wasu ma su ce duka biyun. Wasu kan ambaci matsayin makullin, su ce sai wanda hukumar gwajin makullai ta Sold Secure ta amince da shi. Sharaɗin nan bai tsaya a gida ba. Matar da ta isa filin gasa, ta kwance tirela, ta hau dokinta ta shiga fili na rabin awa ba ta sa mari ba, in ta dawo ta tarar wayam, kamfani zai nemi ganin makullin da aka fasa ko rasit ɗin sayensa. In babu, babu biya.

To amma a nan ne kuma sauƙin farko yake. Tirelar da ke kwana a cikin rumbu mai ƙofa a kulle ba ta biyan abin da wadda ke kwana a bakin titi take biya. Na'urar bin sawu, da alamomin sirri irin na Datatag da ake mannawa a jikin ƙarfe, da rubuta lambar unguwa da manyan haruffa a saman rufi yadda za a hango daga gada ko daga sama, duk suna rage kwaɗayin ɓarawo, kuma wasu kamfanoni kan rage farashi saboda su. Hoton lambar ƙira da ke jikin ƙarfen gaba, wanda aka ɗauka ranar saye aka adana, shi ne zai tabbatar wa 'yan sanda cewa tirelar da suka kama ta wane ce.

Daɓe da taya da nauyi

Babu inshorar da ke biyan tsufa. Duk abin da ya lalace sannu a hankali, ta hanyar tsatsa ko ruɓa ko sakaci, yana wuyan mai kaya. A tirelar doki kuwa wurin da tsufa ya fi ɓoyewa shi ne daɓe. Tsofaffin tireloli da katako ake yi musu daɓe, a shimfiɗa roba mai kauri a kai. Fitsarin doki yana bi ta gefen robar ya kwanta a ƙasa, katakon ya sha ya yi laushi, daga sama kuma komai lafiya lau. Ƙwararren mai saye ba ya tambayar launi ko shekaru sai ya ɗaga robar tukuna. Zai durƙusa da sukudireba a hannu, ya riƙa soka katakon a kusurwoyi, musamman can baya inda ƙafafun doki ke tsayawa fitsari kuma ke taruwa. In bakin ƙarfen ya nutse, ko katakon ya yi baƙi yana warin danshi, daɓen ya gama aiki. Daga nan ya kwanta ya leƙa ta ƙasa da tocila, ya duba sandunan da ke riƙe da daɓen. Dokin da ƙafarsa ta burma ta daɓe mota na gudu, da wuya a cece shi. Sababbin tireloli da yawa sun koma daɓen alminiyam, amma shi ma yana bukatar a ɗaga robar a wanke a bar shi ya bushe.

Taya ma tana ruɗin ido. Tirelar doki ba ta yawan tafiya, saboda haka zanen tayarta kan zauna kamar sabo alhali robar ta tsufa ta tsattsage a rana. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tireloli irin waɗannan ba sa cikin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da doka ta wajabta wa motoci, don haka ba wanda zai duba wa mutum in bai duba da kansa ba. Rasit ɗin kanikanci na kowace shekara shi ne shaidarsa ranar da kamfani ya ce sakaci ne ya jawo hatsarin.

Sai nauyi. Tirelar dawaki biyu ta Ifor Williams samfurin HB511 tana da nauyin kusan kilo 1,000 ba kaya, kuma iyakarta kilo 2,700 da kaya. Babban doki kan kai kilo 500 zuwa 600. In an sa biyu, an ƙara ruwa da harawa da sirada, an haura kilo 2,000 nesa ba kusa ba, nauyin da motocin gida da yawa ba a ƙera su su ja ba. Kowace mota da iyakar da masu ƙera ta suka rubuta, kuma wanda ya ƙetare ta ya karya doka, ya kuma ba kamfanin inshora ƙofar zillewa. Tun 16 ga Disamba 2021, mai lasisin mota a Ingila da Scotland da Wales yana iya jan tirelar da ta kai kilo 3,500 ba tare da ƙarin jarrabawar da a da ake nema daga waɗanda suka samu lasisi daga farkon 1997 ba. Jarrabawar ce aka cire, sauran dokokin suna nan: mil 60 a awa a babbar hanya, mil 50 a hanya mai falle ɗaya, kuma haramun ne mai jan tirela ya shiga layin ƙarshe na masu sauri a babbar hanya mai layi uku ko fiye.

Inda sauƙin yake

Farashin inshorar tirela yana bin darajar da aka rubuta mata, saboda haka aikin farko shi ne sanin darajar gaskiya. Wanda ya rubuta kuɗin da ya saya shekara takwas da suka wuce yana biyan inshorar kuɗin da ba za a ba shi ba, domin kamfani farashin kasuwa na ranar asara yake biya. Wanda kuma ya rage darajar don ya rage biya, abin da ya rubuta shi ne iyakar abin da zai karɓa, wani lokaci ma a zabge masa gwargwadon ragin da ya yi. Tsarin maye tsohuwa da sabuwa yana da amfani ga tirelar da ke shekarunta na farko. Bayan haka yawancin kamfanoni ba sa ba da shi.

Na biyu shi ne kason da mai kaya ke fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu. A ɗauki misali da tirelar fam 5,000. Kamfani ɗaya ya ce fam 90 a shekara, amma fam 500 na farkon kowace asara na mai kaya ne. Wani ya ce fam 130, kason mai kaya fam 150. In an sace tirelar, na farko zai biya 4,500, na biyu 4,850. Bambancin fam 350 ne, wanda ya yi daidai da rarar kusan shekara tara ta fam arba'in-arba'in. Mai ajiyar fam 500 da zai iya taɓawa ba tare da ya shiga uku ba, na farkon ya fi masa. Wanda ba shi da ita, na biyun ne mai araha a wurinsa ko da ya fi tsada a takarda. Ma'aunin dai shi ne mutum ya ɗauki asarar da zai iya ɗauka, ya sayar wa kamfani wadda za ta durƙusar da shi.

Na uku shi ne haɗawa da kuma gudun biya sau biyu. Kamfanonin da ke yi wa dawaki inshora sukan yarda a ƙara tirela da sirdi a takarda ɗaya da kuɗi kaɗan. Manoma kan samu haka a wurin NFU Mutual, kamfanin da manoma suka kafa wa kansu a 1910, inda tirela kan shiga cikin inshorar gona. Sirdi wani lokaci yana cikin inshorar kayan gida tun asali. Dillalin da ya ƙware a harkar dawaki ya fi shafukan kwatanta farashi sanin waɗannan lunguna, domin shafukan an gina su ne don motoci da gidaje. Biyan kuɗin shekara gaba ɗaya ya fi biyan wata-wata sauƙi, tunda na wata-wata bashi ne mai ruwa. Kuma a kan kowane farashi akwai harajin inshora na kashi 12 cikin 100 da ke aiki tun Yunin 2017, don haka a tabbatar farashin da ake kwatantawa duk sun haɗa da shi.

Akwai ragin da yake tarko ne. Takarda mai sauƙi kan ce mai ita kaɗai zai ja tirelar, ko cikin Birtaniya kaɗai, ko don nishaɗi kaɗai. Wanda ya ara wa maƙwabcinsa, ko ya ƙetara Faransa, ya fita daga inuwarta. Wanda ya fara ɗaukar dawakan mutane suna biyan sa ya shiga sana'a, kuma sana'ar tana bukatar inshorar haya da izinin hukumar lafiyar dabbobi in tafiyar ta wuce kilomita 65. Ɓoye irin wannan ba ya haifar da ɗa mai ido. Dokar 2012 kan bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan, kamfani na iya soke takardar ya ƙi biya, ya kuma riƙe kuɗin da aka ba shi. A ɗaya ɓangaren dokar ƙasar ta kare mai gaskiya: yana da kwana 14 na fasa ciniki bayan saye, kuma in an hana shi haƙƙinsa, kamfani yana da mako takwas ya amsa kokensa, daga nan ya kai ƙara kyauta ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi.

Wurin da ba a tsimi

A wani dare na watan Agustan 1996, wasu dawaki uku a yankin Devon suka firgita a makiyayarsu, suka ture shingen lantarki da na katako, suka yi gudun da ya haura mil guda har suka faɗa babbar hanyar A380. Ɗaya ya yi karo da wata mota, direban ya ji munanan raunuka. Kotu ta gano cewa masu dawakan ba su yi sakaci ba, shingensu ba shi da aibi. Duk da haka a 2003 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka yanke da rinjayen uku a kan biyu cewa a ƙarƙashin dokar dabbobi ta 1971 alhakin yana kansu. Guduwa a firgice halin doki ne, mai doki kuwa shi ke ɗaukar abin da halin ya jawo.

Hukuncin nan ya shafi mai tirela kai tsaye, domin ba lokacin da doki ya fi kuɓucewa kamar lokacin hawa da sauka, a baƙon wuri, kusa da titi. Tirelar da aka sace asararta tana da iyaka, ba za ta wuce kuɗin tirela ba. Diyyar mutumin da ya naƙasa har ƙarshen rayuwarsa tana iya kai wa miliyoyin fam, ta cinye gida da gona. Abin mamaki, kariyar wannan babbar asara tana cikin mafi sauƙi. Ƙungiyar masu dawaki ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1947, tana haɗa wa manyan membobinta inshorar ɓarnar da dokinsu ya yi wa wani har fam miliyan 30, cikin kuɗin zama memba na shekara. Sauƙin ya samu ne saboda mutane dubbai sun haɗu sun saya da baki ɗaya.

Daga Kano zuwa Legas

A ƙasar Hausa ƙaramar tirelar doki ba ta yaɗu ba, amma dawaki suna hawa mota, kuma tafiyarsu ta fi ta Ingila tsawo da wuya. Tun da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan folo, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a cikinsa, wasan ya kafu a Katsina da Kano da Zariya da Kaduna, kuma duk shekara ana kwasar dawaki daga gasa zuwa gasa har filin Ikoyi a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano. Hawan salla ma, wanda UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a Disambar 2024, yana tara dawakan hakimai daga nesa. A babbar mota ake lodin su. A zuba yashi a daɓe don kada kofato ya zame, motar ta yi baya ta jingina da tudun ƙasa, a janyo su ɗaya bayan ɗaya a jera a ɗaure, 'yan barga su hau tare da su da buhunan dusa da jarkokin ruwa.

Abubuwan da aka lissafa a farko suna nan yadda suke. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da inshorar dole ta motar gida naira 15,000, mai biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, ta babbar motar dakon kaya kuma naira 100,000, mai biyan har miliyan 5. Wannan takarda ta mutanen kan hanya ce. Ba ta biyan motar, balle dokin da ke cikinta, wanda in ɗan Ajantina ne ko zaɓaɓɓen dokin Sudan darajarsa miliyoyin naira ce. Inshorar kaya a kan hanya ma galibi ba ta ɗaukar dabba mai rai sai an ambace ta a rubuce. Ga kuma takardun bogi da 'yan kamasho ke sayarwa da rahusa, waɗanda ba kamfanin da ke bayansu. Araha ba ta ado. Ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, ta intanet ko ta waya, a ga ko takardar ta gaske ce kafin a loda ko doki ɗaya.

Mai dokin da ya dogara cewa direba zai biya shi ma ya sake tunani. A fiƙihun Malikiyya ɗan dako amintacce ne, ba ya lamunin abin da ya ɗauka sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, in ban da kayan abinci. In taya ta fashe mota ta kife ba da gangancin direba ba, asarar ta mai doki ce.

Masu ƙyamar inshora saboda addini suna da mafita. A Sudan aka kafa kamfanin takaful na farko a 1979, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da tsarin taimakon juna a 1985, NAICOM kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a Najeriya a 2013. Mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda asara ta afka wa, rarar da ta saura a raba musu. Tsarin ya dace da masu dawaki, domin dama a ƙungiyance suke. Kulob ɗin folo ko bargar masarauta da ta je wa kamfani da dawaki hamsin da motoci uku a takarda ɗaya za ta samu farashin da mai doki ɗaya ba zai samu ba. Kamfanin zai nemi hoton kowane doki da launinsa da alamominsa, da takardar likitan dabbobi kan shekarunsa da lafiyarsa, da darajar da aka amince da ita, da lambar motar da za ta ɗauke shi da sunan direbanta. Duka waɗannan, shamaki ko sakataren kulob zai iya haɗa su cikin 'yan makonni kafin lokacin gasa ya kama.